Zaɓen Abinci a Wajen Gida: Daga Tashar Funtuwa Zuwa Teburin Indiyawa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Gabatarwa

An ɗora mana nauyin yin magana a kan lafiya, mu kuwa muka zaɓi ɓangare guda wanda kowa a zauren nan yake da hannu a ciki, wato abincin da muke saye mu ci a wajen gidajenmu. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin ’ya’yan wannan ƙungiya direbobi ne, da ’yan kasuwa, da ma’aikatan gwamnati, da ɗalibai, waɗanda sukan fita tun da sassafe ba su koma gida sai bayan isha’i. Irin wannan mutum, abin da mai tuwo da mai shayi da mai tsire suka zuba masa shi ne yake gina jikinsa, shi ne kuma yake iya rushe shi.

Babu wata zuriya a cikinmu da ba ta san hawan jini ko ciwon sukari ba. Mun yi ta haɗa gudummawa a wannan ƙungiya domin kai ɗan’uwa asibitin koyarwa na Shika, ko na Malam Aminu Kano, saboda shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda. Wasu ma sai da aka sayar da gona aka fitar da su Indiya. Abinci ba shi kaɗai ke jawo waɗannan cututtuka ba, akwai gado, akwai shekaru, akwai damuwa. Amma a cikin dalilan duka, shi ne wanda muke da iko a kansa sau uku a kowace rana. Za mu duba yadda mutum zai zaɓi abinci mai sauƙin nauyi a tasha da kasuwa a nan gida, sannan mu bi matafiyanmu zuwa gidajen abincin Indiyawa, inda da yawa sukan zauna su yi oda ba tare da sanin abin da ke cikin kwano ba.

Kiɗa ya canza

Wannan yanki namu rumbun abinci ne tun fil azal. Albarkar ƙasarsa ce ta sa layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya bi ta Funtuwa domin kwasar auduga da gyaɗa. A 1975 aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, kuma tun daga wannan lokaci takin zamani da ingantaccen irin masara suka yaɗu, har masara ta ƙwace wa dawa wuri a gonaki da tukwane da dama. A cikin waɗannan shekaru ne kuma arzikin man fetur ya cika kasuwanni da farar shinkafa da fulawa da sukari.

A shekarun 1970, lokacin da masu bincike daga Jami’ar Ahmadu Bello da abokan aikinsu na Ingila suka zauna a Malumfashi suna nazarin cututtukan jama’a, abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da makamantansu. Waɗannan ba su ƙare ba, amma yau an samu ƙarin baƙi. Bincike-bincike da dama sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku a Nijeriya yana da hawan jini, kuma da yawa ba su ma san suna da shi ba.

Kakanninmu sun ci tuwo malmala uku, sun sha fura da ludayi, ba su yi tumbi ba, saboda sun wuni a duƙe suna huɗa, sun tafi Bakori ko Ɗanja a ƙafa, iyayenmu mata kuma sun yi surfe da daka da ɗibar ruwa. Mu jikokinsu mun gaji cikinsu, amma ba mu gaji garmarsu ba. Daga ɗaki sai babur, daga babur sai kujerar shago ko ta ofis. Hausawa sun ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Mene ne kalori?

Kalori shi ne ma’aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, kamar yadda lita take ma’aunin man da ake zuba wa mota. Bambancin kawai shi ne, tankin mota idan ya cika sai ya zubar, shi kuwa jiki ba ya zubarwa, sai ya mayar da rarar ta zama kitse ya jibge a ciki da kewayen hanta. Babban namiji mai matsakaicin aiki yana bukatar wajen kalori 2,500 a rana, mace kuma wajen 2,000. Manomi a tsakiyar damina yana iya bukatar fiye da 3,000.

Abu ɗaya muke so kowa ya riƙe. Giram ɗaya na sitacin da ke cikin hatsi ko na sinadarin gina jiki da ke cikin tsoka yana ba da kalori 4, amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. Babban cokali ɗaya na mai, man gyaɗa ne ko manja ko man shanu, yana ɗauke da wajen kalori 120, kuma mutum sai ya yi tafiyar kusan rabin awa da ɗan sauri kafin ya ƙone shi. Mai ba ya cika ciki, ba ya ɗaukar wuri a faranti, shi ya sa ake cinye shi ba a ankara ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba zai ci a rana ya kai giram 5, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya da yaji da burodi. Sukari kuma kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12, in ma da hali a tsaya a 6. Ta kuma ce a ci ganye da ’ya’yan itatuwa aƙalla giram 400 a rana. Da waɗannan ma’aunai za mu shiga kasuwa.

A wurin mai tuwo da mai shinkafa

Mai sayar da abinci ba maƙiyinmu ba ne. Sana’a yake yi, kuma ya lura cewa wanda ya fi zuba mai da ɗanɗano shi ya fi ciniki. Laifin yana ga mai saye da yake miƙa kuɗi ya yi shiru. Wanda ya buɗe baki ya ce, “Hajiya, rage mini mai, ƙara mini ganye,” babu mai abincin da za ta ƙi, domin mai ya fi ganye tsada.

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya raba farantinsa da ido, tunda ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Rabin faranti ya zama ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu ya zama wake ko kifi ko nama ko ƙwai, sauran kashi ɗayan shi ne na tuwo ko shinkafa. Abin da muka saba gani kishiyar haka ne: tulin shinkafa kamar suri, da ɗan yankan kabeji a gefe don ado.

A wurin tuwo, na dawa da na gero da na masarar da ba a cire mata dusa gaba ɗaya ba sun fi na farar shinkafa da na farin gari, saboda dusar tana rage saurin da sukari yake shiga jini, tana kuma sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Malmala ɗaya da miya mai yawa ta fi malmala biyu da miya kaɗan. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi da lalo ba sa bukatar mai da yawa, matuƙar ba a kwarara musu man shanu a kai ba. Miyar dage-dage kuwa, wadda mai yake iyo a samanta, a ce wa mai abinci ta ɗebo daga ƙasan tukunya ta tsiyaye man.

Garau-garau abinci ne mai kyau idan wake ya rinjayi shinkafa, haka nan ɗanwake da dambu da fate da kwaɗon zogale ko na rama. Abin da ke ɓata su shi ne ludayin mai. Mai abincin da ta zuba babban cokali uku a kan ɗanwake ta ƙara masa kalori 360, wato kusan nauyin wani farantin daban. A karɓi cokalin da hannu a zuba ɗaya, a cika da tumatir da albasa da kabeji.

Ga kuma wata ƙa’ida mai amfani ko’ina: dafaffe da turararre da gasasshe sun fi soyayye. Wake ɗaya ne ake yin alala da ƙosai da shi, amma ƙosai ya sha mai. Awara, wadda ake yi da waken suyan da muke nomawa, abinci ne mai gina jiki ga araha, sai dai idan an soya ta sau biyu an tsoma a ƙwai an sake soyawa, ta tashi daga abinci mai sauƙi. Dafaffen dankali da rogo da makani sun fi soyayyu. Haka kuma a guji man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, domin yana cutar da jijiyoyin jini.

A wurin mai nama, balangu da tsire da gasasshiyar kaza da gasasshen kifi ba su da laifi idan an kiyaye abu uku. A zaɓi tsoka a bar kitse, a hana yayyafa ƙarin mai bayan gashi, sannan a rage yaji, domin yajin mai nama cike yake da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, shi kuwa dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. A nemi ƙarin albasa da tumatir. Kilishi ma gishirinsa da ƙuli-ƙulinsa suna da yawa, don haka na ɗanɗano ne, ba na ƙoshi ba. Iyayenmu mata da suke dafawa da daddawa da citta da tafarnuwa da masoro sun san cewa miya tana daɗi ko da gishirinta bai yi yawa ba.

Teburin mai shayi da abin sha

Idan akwai wurin da sukari yake shiga jikinmu a ɓoye, to a kofi ne da kwalba. Shayi kofi ɗaya da aka zuba wa sukari cokali huɗu ko biyar, da madara, da garin koko mai zaƙi, ga burodi mai bota, ga indomi biyu da ƙwai da aka soya a mai, ya kusa cinye rabin bukatar mutum ta yini guda, kuma galibi da dare ake cinsa a je a kwanta. Ita indomi tun a masana’anta an riga an soya ta, garin ɗanɗanon da ke cikin ledarta kuma gishiri ne ya fi yawa a ciki. Wanda ba zai iya bari ba, ya ci leda ɗaya, ya sa rabin garin, ya nemi dafaffen ƙwai da kayan lambu. Sukarin shayi kuma a riƙa rage rabin cokali duk mako, harshe yakan saba cikin ɗan lokaci.

Lemon kwalba na roba mai rabin lita, irin wanda ba a rage wa zaƙi ba, yana ɗauke da sukari fiye da cokalin shayi 12, wato kason yini guda a zama ɗaya. Saboda irin wannan ne Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi a Nijeriya. Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa na gida ya tsira. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lamurje da ake ƙullawa a leda, sau da yawa zaƙinsu bai gaza na kwalba ba. Mazarƙwaila da zuma su ma sukari ne a wurin jiki.

Fura da nono abinci ne cikakke, ba ruwan kora tuwo ba. Wanda ya sha ta da rana, ta ishe shi abincin rana. A dama ta da kindirmo ko tsala mai tsabta wanda aka tafasa madararsa, a bar sukari ko a rage shi ƙwarai. Abin sha kuwa da babu kamarsa a kan abinci shi ne ruwa.

A gidan abincin Indiyawa

Wani zai ce ina ruwan mutumin Malumfashi da abincin Indiya? Ruwansa da yawa. Marasa lafiyarmu da masu jinyarsu sukan yi makonni a Delhi ko Chennai ko Bangalore. ’Ya’yanmu suna karatu a jami’o’in can. ’Yan kasuwarmu a Dubai, da alhazanmu a Makka da Madina, wasunsu sukan ci a gidajen abincin Indiyawa da ’yan Pakistan saboda araha da kuma kamannin ɗanɗano. A Kano da Abuja da Legas ma akwai irin waɗannan gidaje, samosa kuwa ta riga ta zama ’yar gida a bukukuwanmu. Abin takaici ne a kai mutum Indiya neman maganin zuciya, mai jinyarsa kuma ya dawo da ƙarin ƙiba.

Su kansu Indiyawa suna fama da abin da muke fama da shi. Wani babban bincike da hukumar binciken lafiya ta ƙasarsu ta wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 101 ne suke da ciwon sukari a Indiya. Abincin da suke ci a gida yana da sauƙi, amma na gidajen sayarwa an cika shi da man shanu da kirim ɗin madara don jawo masu saye, daidai da halin da muke ciki.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tebur idan ya gane sunaye. Abin da suke kira ghee man shanu ne da aka soya. Tandoor tanderu ne irin wanda ake gasa gurasa a ciki. Bajra gero ne, jowar dawa, ragi tamba, bhindi kuɓewa, palak alayyafo. A jihar Karnataka suna tuƙa garin tamba su mulmula shi kamar tuwo su ci da miya. A kudancin ƙasar suna yin wata miya mai suna sambar da tsamiya da ’ya’yan zogale. Da wannan ɗan sani, ga yadda za a zaɓa.

Da farko a lura da kalmomin da ke nuna nauyi a takardar jerin abinci. Duk inda aka ga makhani ko butter, to man shanu ne ya yi yawa. Malai yana nufin kirim. Korma miya ce da ake haɗawa da kirim ko niƙaƙƙen kashu da makamantansa. Waɗannan na ranar marmari ne, kuma kwano ɗaya ya ishi mutum biyu. Kalmomin da ke nuna sauƙi su ne tandoori da tikka, wato kaza ko kifi da aka jiƙa a kindirmo da kayan ƙamshi aka gasa a tanderu, tamkar dai balangunmu. A kula, tikka kaɗai gasasshe ne, amma tikka masala an tsoma shi a miya mai kirim.

Na biyu, a wurin gurasarsu akwai bambanci babba. Roti ko chapati da garin alkama mai dusa ake yi, ba a soyawa, guda ɗaya bai fi kalori 100 da ’yan kai ba. Naan kuwa da farar fulawa ake yi, idan aka shafe shi da man shanu yana iya kai wa 300. Paratha ana toya shi da mai, puri kuma a tsoma shi ake yi cikin mai kamar fanke. A nemi roti, a ce kada a shafa masa komai. Kuma a zaɓi ɗaya, ko gurasa ko shinkafa, domin haɗa su kamar cin tuwo ne da masa a zama guda.

Na uku, biryani, wadda alhazai suka fi sani, shinkafa ce da aka dafa da man shanu da nama da soyayyar albasa, kuma farantin da ake kawowa yakan ishi mutum biyu. A raba ta da abokin tafiya, a nemi raita, wato kindirmo da aka yanka wa kokwamba, da ɗanyen salak a gefe. Farar shinkafa kaɗan da dal ta fi ta sauƙi nesa ba kusa ba. Dal miyar ƙananan wake ce, ita ce abincin yau da kullum na talakan Indiya, kuma tana cikin mafi amfani a teburinsu, in ban da dal makhani da sunansa ya riga ya tona asirinsa. Chana masala, miyar wani wake mai kama da gujiya, da miyar kuɓewa da ta alayyafo da ta gauta, duk zaɓi ne masu kyau, sai dai a roƙi a rage mai.

Na huɗu, kayan buɗe baki kamar samosa da pakora soyayyu ne, ’yan’uwan ƙosai. A gidajen abincin kudancin Indiya akwai idli, ƙullin shinkafa da wake da aka bari ya tashi kamar na masa, amma turara shi ake yi ba toyawa ba. Shi da sambar karin kumallo ne mai sauƙi ƙwarai. Dosa kuma tana kama da sinasir, a nemi wadda ba a shafa wa man shanu ba.

Na biyar, abin sha da kayan zaƙi. Lassi mai zaƙi, musamman na mangwaro, nono ne da sukari mai yawa. Chaas shi ne tsalarsu, ba shi da sukari, amma mai hawan jini ya ce a rage masa gishiri. Shayinsu a tukunya ake zuba masa sukari, sai mutum ya nemi wanda ba a sa ba. Gulab jamun da jalebi soya su ake yi sannan a jiƙa su a ruwan sukari, kamar alkakinmu. Guda ɗaya ya isa, ko a maye gurbinsu da gwanda ko kankana. Achar, wato kayan tsami da suke ajiyewa a tebur, gishirinsa yana da yawa. Game da nama kuma, matafiyi ya tambaya ko yankan Musulmi ne, in bai samu natsuwa ba akwai gidajen da ba sa dafa nama sam, kuma abincinsu ya wadatar.

Akwai darasi guda da ya kamata mu ɗauko daga can. Indiya ce ta gabatar da shawarar da ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Hatsin da wasunmu suke ganin abincin ƙauye ne, yau manyan gidajen abinci a biranen Indiya suna alfahari da shi. Mu da muke loda dawa da gero a manyan motoci a Ɗandume da Funtuwa da Ƙafur, bai kamata mu sayar da mai kyau mu sayo fulawa da kuɗin ba.

Waɗanda wannan magana ba tasu ba ce

Wajibi ne mu yi adalci a nan, domin abincin wani gubar wani. A wannan jiha tamu akwai yara masu fama da tamowa, kuma rashin tsaron da ya addabi ƙananan hukumomi irin su Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a shekarun nan ya raba mutane da yawa da gonakinsu. Maganar rage mai da rage tuwo ba ta shafi ƙananan yara ba, ba ta shafi mai ciki da mai shayarwa ba, ba ta shafi lebura da manomin da ke wuni a rana ba. Su ƙari suke bukata. Kada wani magidanci ya koma gida ya rage cefane ya ce a taron ƙungiya aka faɗa.

Haka nan mai shan maganin ciwon sukari ko mai yin allurarsa, kada ya tsallake abinci ba da sanin likita ba, domin sukarinsa yana iya faɗuwa ya suma. Mai ciwon ƙoda kuma yana da nasa tsari daban, wanda likitansa ne kaɗai zai shimfiɗa masa. Gyaran abinci kuma ba ya maye gurbin maganin hawan jini.

To yaya mutum zai san maganar tasa ce? Ya samu igiya ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya ta a cikinsa daidai cibiya. Idan ba ta haɗu ba, kewayen cikinsa ya wuce rabin tsawonsa, kuma lokacin gyara ya yi. Sannan ya je a auna jininsa. Idan awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama da haka, ya ga likita, ko da ba ya jin ciwon komai.

Shawarwari ga ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka muna gabatar da shawarwari huɗu.

Ta farko, mu fara da kanmu. A tarukan ƙungiya da walimomin ’ya’yanta, a daina raba lemon kwalba ga kowa da kowa. A kawo ruwa da zoɓo mai ƙarancin sukari, a sa dambu da kwaɗon zogale da ’ya’yan itatuwa kusa da shinkafa.

Ta biyu, ƙungiya ta sayi na’urar awon jini da ta awon sukari, ma’aikatan lafiya da ke cikinmu su riƙa auna mahalarta a kowane zama. A ranar 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, da 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari, a kai wannan awo tashoshin mota da kasuwanni, inda direbobi da ’yan kasuwa suke.

Ta uku, reshen mata ya zauna da masu sayar da abinci da shugabannin masu shayi da mahauta, cikin mutunci da girmamawa, a nuna musu cewa ajiye mai da yaji da sukari a gefe, mai saye ya zuba da kansa, riba ce gare su.

Ta huɗu, duk ɗan ƙungiya da zai tafi jinya ko karatu ko aikin Hajji, a ba shi ’yar takarda mai ɗauke da sunayen abincin da muka ambata da ma’anarsu da Hausa.

Kammalawa

Jama’a, ba mu ce kowa ya daina cin tsire ko biryani ba. Abin da muke kira gare shi shi ne mutum ya san abin da ke cikin farantinsa, ya yi magana kafin a zuba, ya tashi daga kan abinci da sauran wuri a cikinsa, kamar yadda malamanmu suka daɗe suna karantar da mu game da raba ciki tsakanin abinci da ruwa da numfashi. A haɗa da tafiyar ƙafa ta rabin awa, kwana biyar a mako. Kuɗin da muke tarawa domin wankin ƙodar ɗan’uwa ɗaya zai iya biyan kuɗin makarantar marayu masu yawa, kuma dattijon da ya kai shekara 70 da ƙafafunsa ya fi amfani ga garinsa da iyalinsa. Rigakafi ya fi magani.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.